"Ai a can ba haka ake yi ba": fashin baƙi kan tallafin mai, naira da hirar waɗanda suka zauna waje

Duk wanda ya saba zama da mutanenmu da suka yi karatu ko aiki a ƙasashen waje ya san wannan maganar, "ai a can ba haka ake yi ba". Ko zancen wuta ake, ko asibiti, ko tsadar shinkafa, sai wani ya jefo ta. Kuma tun 2023 da aka cire tallafin mai aka saki naira, kusan duk hirar tsofaffin abokai a nan Legas can take ƙarewa, a fara da gaisuwa da ya iyali ya yara, a tambayi juna me kake karantawa kwanan nan, kafin shayi ya huce an koma kan Tinubu da dala. Ni ina ganin maganar tana da amfani sosai, amma sai an zauna an feɗe ta, don abin da mutum ya riƙe na ƙasar da ya zauna sau da yawa rabin labari ne, ɗaya rabin yana cikin littafi ko a bakin talakan ƙasar wanda ɗalibi baƙo bai cika zama da shi ba.

Muna da wata majalisa a Agege da muke haɗuwa ƙarshen mako bayan isha'i, ba kullum ake cika ba saboda kowa ya san gosulon garin nan, wanda zai taso daga Apapa ko Obalende sai ya yi niyya da gaske. Akwai malamin da ya yi Azhar yanzu yana koyarwa a wata Islamiyya a Idi-Araba, akwai injiniya da ya yi digirinsa na biyu a Malesiya, akwai likita da ya yi karatu a Khartoum, da wani ustaz ɗan Jami'ar Madina, sai kuma Alhajinmu dillalin kayan gwari a Mile 12 wanda in ban da aikin hajji bai taɓa fita ba, amma a wannan maganar shi ya fi kowa ganin abin da ido. Abin da zan rubuta a nan daga irin muhawarar da muke yi ne, amma so nake in warware maganar kanta, don na lura har masu digiri suna cakuɗa abubuwa biyu daban suna kiransu abu ɗaya.

Na farko tallafin mai. Najeriya na haƙo ɗanyen mai amma matatunta huɗu, biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, ɗaya a Kaduna, sun daɗe ba sa aikin kirki, don haka a zamanin tallafin, fetur ɗin da muke sha daga waje ake shigo da shi da dala a farashin duniya. Gwamnati sai ta ce a sayar wa ɗan ƙasa da araha, ita za ta cike giɓin. Wannan cikon shi ne tallafin. A 2022 kaɗai ya ci sama da naira tiriliyan 4, a shekarar da man da ake haƙowa ya taɓa faɗuwa ƙasa da ganga miliyan 1 a rana saboda sata da fasa bututu, gwamnati kuma tana ta cin bashi a hannun Babban Banki har ya taru ya kai tiriliyan 22.7. Ga kuma fasa-ƙwauri, duk wanda ya taɓa bin hanyar Badagry zuwa Seme ya ga jarkoki, ya ga yadda ake sayar da fetur ɗinmu a kwalabe a bakin titin Kwatano, haka ma ta wajen Nijar da Kamaru. Shi ya sa a zaɓen 2023 Tinubu da Atiku da Peter Obi duk sun ce za su cire, kuma kasafin da Buhari ya bari bai tanadi kuɗin tallafi ba sai na wata shida. Ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya faɗa a jawabin rantsuwa cewa tallafi ya tafi, kafin sati ya zagayo litar da ake saye wajen naira 185 ta koma 488 a Legas, a Maiduguri 557. Zuwa Oktoba 2024 ta kai kusan dubu a nan, a Abuja ta haura.

Na biyu kuma, wanda mutane suka fi mantawa da shi alhali shi ya fi cizo, maganar canji. Kafin Yuni 2023 dala farashi biyu gare ta, a banki wajen naira 460, a kasuwar bayan fage wajen 750. Wanda ke da hanya sai ya karɓo a banki ya kai kasuwa ya ci ribar kusan naira 300 a kowace dala ba tare da ya sayar da ko allura ba, shi kuma mai masana'anta na gaskiya ya yi ta jira a layi wata da watanni. Ranar 14 ga Yuni, wato sati biyu da 'yan kwanaki bayan cire tallafi, Babban Banki ya haɗe farashin ya ce kasuwa ta yi halinta. Zuwa Fabrairu 2024 dala ta haura 1,500. To kaga tunda fetur da dala ake sayo shi, duk lokacin da naira ta faɗi sai kuɗin mai ya sake tashi, haka magani, haka alkama, haka taki, haka kayan gyaran mota. Kujerar hajji da aka biya kusan miliyan 3 a 2023 ta haura miliyan 8 a 2025. Iyayen da ke da yara a makarantun waje wasu dole suka dawo da su, kuma an ji labarin ɗaliban Najeriya a Ingila da aka dakatar a 2024 saboda kuɗin da suka tara da naira ya narke kafin su gama biya. Mutanenmu 'yan canji ma ba su tsira ba, a Maris 2024 aka soke lasisin kamfanonin canji sama da 4,000.

Alhajin Mile 12 shi ya fi iya bayanin yadda biyun ke haɗuwa a kan kwandon tumatir ɗaya. Yace manomi a Kura ko Kadawa injin ban ruwansa fetur yake sha, to tun daga gona kuɗi ya ninka. Taki da maganin feshi sun bi dala. Motar da za ta ɗauko kayan ta yi tafiyar kusan kilomita dubu zuwa Legas dizal take sha, shi dizal an daɗe da cire masa tallafi, amma shi ma dala yake bi, ga taya ga batir, ga kuɗin da ake karɓa a hanya shinge bayan shinge. In mota ta lalace ta kwana biyu a hanya, a buɗe ta a kasuwa da asuba ka ga ruwan tumatir yana ɗiga ta ƙasan kwanduna, na ƙasa duk sun dame, sai a ware masu ɗan dama-dama a sayar wa masu abinci da rabin kuɗi, asarar kuma a kan wanda ya rage za a ɗora ta. Sannan ɗan dako ya ƙara kuɗi don shi ma danfo ta ƙara masa, matar da ta zo sari daga Ikorodu ko Oshodi ta ƙara nata. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba 2024 a lissafin hukumar ƙididdiga, na abinci ya fi haka. A ƙasar nan fetur shi ne wutar mai shago da mai aski da mai walda ta hanyar janareta, shi ne ruwan manomin rani, shi ne ƙafar ɗan kasuwa, saboda haka taɓa shi ba ɗaya yake da taɓa shi a ƙasar da ke da wuta da jirgin ƙasa ba.

A nan ne malamin Azhar ke shigowa, kuma shi ne ya fi kowa kewar inda ya zauna. Kullum yana tuna mana burodin Alƙahira, yace da 'yan sulalla ɗalibi zai ci burodi da wake ya ƙoshi, ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ya ratsa gari. Duk gaskiya ne. Amma da muka matsa masa sai ya yarda cewa Misra ma ta sha irin wannan maganin, har ma ta riga mu. A Nuwamba 2016 suka saki fam ɗinsu don su samu bashin dala biliyan 12 daga asusun ba da lamuni na duniya, wato IMF, fam ya faɗi daga wajen 9 a kan dala zuwa wajen 18 cikin 'yan makonni, hauhawar farashi ta haura kashi 30 a 2017, kuma suka yi ta ƙara kuɗin mai daki-daki. A Maris 2024 suka sake, daga wajen 31 zuwa wajen 50. To mene ne bambancin? Burodi. Tun tarzomar Janairu 1977 lokacin Sadat, da aka taɓa farashin abinci gari ya kama da wuta dole aka janye, duk gwamnatin da ta zo tana tsoron burodin talaka. Burodin tallafi ya zauna a ƙirshi 5 (ƙirshi shi ne kwabon fam ɗinsu) sama da shekara 30, sai a Yuni 2024 aka mai da shi ƙirshi 20, kuma mutum miliyan sama da 60 ke da katin da ke ba kowane kai guda biyar a rana. Suna da shirin ba matalauta kuɗi tun 2015, wato kafin a saki fam ɗin. Jirgin ƙarƙashin ƙasan nan tun 1987 yake aiki. A 2018 kuma suka kammala tashoshin wuta uku da kamfanin Siemens ya gina masu ba da megawat 14,400, alhali mu duk ƙasar abin da ke isowa layi bai cika wuce 5,000 ba.

Sai dai akwai abin da malam bai gani ba lokacin yana can, kuma shi da kansa ya faɗa bayan ya karanta wani nazari kan tattalin arzikin ƙasar. Ɗalibin da ke zaune a masaukin ɗalibai baƙi, ana ba shi abinci da ɗan alawus, in an turo masa dala ɗari daga gida faɗuwar fam riba ce a wajensa. Malamin firamare ɗan Misra kuwa albashinsa ne ya rabu biyu. Ga bashin da ya yi wa ƙasar katutu, har sai da Daular Larabawa ta kawo dala biliyan 35 a cinikin filin Ras al-Hikma a Fabrairu 2024 sannan suka numfasa, kuma a can ba a fita titi a yi ƙorafi yadda muke yi. Don haka ba na cewa mu zama Misra. Abin da nake ɗauka daga wajensu ɗaya ne, kafin su saki kuɗinsu suna da rajistar mutane da abu guda da talaka ya tabbata ba za a taɓa ba.

Injiniyan Malesiya shi kuma gwarzonsa Mahathir, tsohon firaministan ƙasar. Kwanan nan ya gama wani littafi kan rikicin kuɗin Asiya na 1997, ya zo da zafinsa yana cewa ku duba, Tailan da Indunusiya da Koriya ta Kudu duk sun je wajen IMF, Mahathir ya ƙi, a Satumba 1998 ya ɗaure ringit a 3.80 kan dala ya hana fitar da kuɗi barkatai, kuma ƙasar ta farfaɗo, ba a saki ɗaurin ba sai 2005. Me ya hana mu yi haka? Nace masa Injiniya ai mun yi, abin da Babban Banki ya yi shekara da shekaru kenan, ya ɗaure farashi ya hana wasu kaya dala. Ɗaure kuɗi yana yiwuwa ne in kana da dalar da za ka ba duk wanda ya zo nema a wannan farashin. Malesiya tana sayar wa duniya kayan lantarki, tun farkon shekarun 1970 manyan kamfanoni irin su Intel suka kafa masana'antu a Penang, tana sayar da manja da roba da gas, mutanenta suna da asusun ajiyar ma'aikata tun 1951 da asusun alhazai na Tabung Haji tun 1963, wato akwai jarin cikin gida. Kamfanin mansu Petronas an kafa shi 1974, namu NNPC 1977, tazarar shekara uku ce kawai, amma kowa ya san inda kowanne yake yau. Mu kuwa dalarmu kusan duk daga ɗanyen mai take zuwa, in ya yi ƙasa shikenan. Ka ɗaure farashi babu dala a hannu, abin da za ka samu shi ne farashi biyu da layi da 'yan alfarma.

Bari in ɗan ratse, tunda duk hirar Malesiya sai an kawo ta, maganar wai daga Najeriya suka zo suka ɗauki irin kwakwar manja bayan samun 'yanci. Asalin itacen na Afirka ta Yamma ne babu musu, kuma masu bincikensu sun zo nan sun tattara iri a shekarun 1970 don inganta nasu. Amma itacen ya isa yankinsu tun 1848 da aka dasa guda huɗu a lambun Bogor na Indunusiya, kuma gonar kasuwanci ta farko a Malesiya 1917 ce. Abin da suka fi mu ba iri ba ne, bincike ne da tsarin raba filaye ga ƙananan manoma da kuma ɗorewa a kan manufa ɗaya. Kuma ita Malesiyar ma yanzu tana rage tallafi, a Yuni 2024 gwamnatin Anwar Ibrahim ta ɗaga dizal daga ringit 2.15 zuwa 3.35, amma ta ware motocin haya da na dakon kaya da masunta ta bar musu rangwame ta hanyar kati. Sun iya yin haka saboda sun san wa ke da wace mota, wa ke samun nawa.

Na Saudiyya ba sai an daɗe a kai ba. Ustaz yana yawan cewa a Madina ba a ɗauke wuta, ɗalibi masauki kyauta, alawus duk wata, tikitin zuwa gida. Haka ne, amma ƙasa ce mai mutane wajen miliyan 35 da ke haƙo ganga wajen miliyan 9 a rana, mu muna sama da miliyan 200 muna fama da miliyan ɗaya da rabi, lissafin ba ya haɗuwa ko kusa. Duk da haka su ma sun ƙara kuɗin mai a Janairu 2018, sun kawo harajin kaya na kashi 5 suka mai da shi 15 a 2020. Abin lura, tun kafin ƙarin man, a Disamba 2017, suka fara tura wa 'yan ƙasa kuɗi ta asusun da suka buɗe musamman. 'Yan ƙasa fa. Mutanenmu da ke zaune can suna aiki ba su ga ko riyal ɗaya ba, sai ma harajin zaman iyali da aka ɗora wa baƙi tun 2017, wanda ya sa da yawa suka maido matansu da yaransu gida.

Wanda ba ya cewa "a can ba haka ake yi ba" shi ne likitan Khartoum. Shi in an zo nan jikinsa sanyi yake yi, don unguwannin da ya zauna da asibitin da ya koyi aiki yanzu a labaran yaƙi yake jin sunansu. Kwanakin baya yana karanta tarihin Hausawa da Fulanin da suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, yace duk shafin da ya buɗe sai ya tuna gidajen da suka ɗauke shi kamar ɗa saboda kawai ya yi musu Hausa, kuma bai san inda wasunsu suke ba yau. Shi abin da yake tuna mana shi ne yadda abin ya faro. Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar, dala ta ƙafe, aka rage tallafin mai a Satumba 2013 aka yi zanga-zanga aka kashe mutane. A Disamba 2018 burodi ya tashi daga fam 1 zuwa 3, Atbara ta fara, zuwa Afrilu 2019 Bashir ya faɗi bayan shekara 30. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Hamdok ta zo ta karya darajar fam daga 55 zuwa 375 a Fabrairu 2021, ta cire tallafin mai gaba ɗaya, hauhawar farashi ta haura kashi 400, a Oktoba sojoji suka yi juyin mulki, ranar 15 ga Afrilu 2023 kuma Burhan shugaban soji da Hemeti shugaban dakarun RSF suka juya wa juna bindiga. Duk mun tuna yadda aka kwaso ɗalibanmu a motocin bas ta hamada zuwa iyakar Misra. Dakta ba ya cewa tsada ce ta kawo yaƙin, yaƙin na janar-janar biyu ne masu runduna biyu. Abin da yake cewa shi ne yunwa ta gajiyar da mutane har suka rasa ƙarfin kare gwamnatin farar hula lokacin da take buƙatarsu, kuma duk wanda ke ganin haƙurin talaka ba ya ƙarewa bai zauna a Khartoum ba. Da aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa a Agusta 2024, wadda ta fi zafi a Kano da Kaduna da sauran garuruwan Arewa har aka rasa rayuka, a majalisarmu shi ya fi kowa tashin hankali.

Ni kuma abin da na fi karantawa a 'yan watannin nan tarihinmu ne na gida, kuma shi ya sa nake ganin ba sai mun je Alƙahira ko Kuala Lumpur ba kafin mu gane inda matsalar take. A 1985 Babangida ya buɗe muhawara kan bashin IMF, jama'a suka ce ba sa so, aka ƙi bashin amma a 1986 aka kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP mai ɗauke da kusan duk sharuɗɗan, naira da ke kusan kai ɗaya da dala ta koma wajen 4, zuwa 1989 ɗalibai suna kan titi. A 1994 Abacha ya ɗaga lita daga naira 3.25 ta tsaya a 11, amma ya kafa asusun rarar kuɗin mai na PTF ya ba Buhari, kuma duk abin da za a faɗa a kan wannan mulkin, har yau a Arewa akwai masu tuna allunan PTF a bakin titi da magungunanta a asibiti, mutum ya ga inda kuɗin ƙarin ya shiga da idonsa. A Janairu 2012 Jonathan ya ɗaga daga 65 zuwa 141, a nan Ojota aka cika dandalin Gani Fawehinmi kwana da kwanaki, Kano ma haka, aka dawo 97, aka kafa hukumar SURE-P ta yin ayyuka da rarar kuɗin tallafi, wadda mutane kaɗan ne za su iya nuna maka abin da ta bari. Wato mun sha yi, kuma duk lokacin abin da ke raba karɓuwa da ƙi shi ne ko talaka ya ga wani abu a madadin abin da aka karɓe masa.

To a wannan karon me aka tanada? Bayan an cire ne aka fara neman abin yi. A Agusta 2023 aka ce naira biliyan 5 ga kowace jiha, aka yi alkawarin dubu 25 na wata uku ga gidaje miliyan 15, shirin ya tsaya cak a Janairu 2024 da aka dakatar da ministar jinƙai, kuma rajistar matalautan ma gwamnoni sun ce ba su yarda da ita ba. Mafi ƙarancin albashi bai koma dubu 70 ba sai Yuli 2024, sama da shekara bayan ƙarin mai, kuma mai shayi da mai gadi da ɗan dako da mai facin taya ba albashin gwamnati suke ci ba. A Afrilu 2024 ma aka ƙara wa 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, kuɗin kowane yunit daga wajen naira 68 zuwa 225. Legas ta ɗan yi abin a gani, ta rage rabin kuɗin motocin bas na BRT na wani lokaci, jirgin Marina zuwa Mile 2 ya fara a Satumba 2023, na layin da ke bi ta nan Agege ya fara a Oktoba 2024, matatar Dangote da ke Lekki ta fara fitar da fetur a Satumba 2024. Amma ƙauyen da 'yan'uwanmu suke babu BRT babu jirgi. Ra'ayina a fili yake, tsohon tsarin ba mai ɗorewa ba ne, duk wanda ya ce a koma masa ya faɗa mana inda za a samo kuɗin. Amma a yi biyun a cikin sati uku ba rajista ba motoci ba abinci a rumbu, kamar mutum ne ya kwaye rufin ɗaki a tsakiyar damina don kwanon ya tsufa alhali bai sayo sabo ba, kuma yara da tsofaffi ne a ciki.

Akwai kuma ɓangaren da muke yawan tsallakewa a hira saboda Abuja ta fi daɗin zagi, shi ne ina kuɗin ya tafi. Abin da ake rabawa duk wata daga asusun tarayya, wanda a farkon 2023 bai cika kai biliyan 800 ba, ya haura tiriliyan 1, a 2025 har ya taɓa tiriliyan 2. Gaskiya ne wani ɓangare na ƙarin faɗuwar naira ce ta kumbura shi, amma albashi da kwangilar cikin gida da naira ake biya, don haka gwamnoni sun samu sarari na gaske. A tsarin rabon, jihohi na da kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 na da 20.60, kuma a Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomin kuɗinsu kai tsaye. Firamare, asibitin sha-ka-tafi, hanyar da za a fito da tumatir daga gona, motar haya ta jiha, duk aikin waɗannan matakan biyu ne. Da Alhaji ya ji wannan lissafin sai yace to Malam, mu da muke tura kuɗi gida duk wata na magani da na makaranta, ashe aikin wasu muke yi. Kusan kowa a majalisar nan yana ɗauke da gida biyu, ɗaya a Legas ɗaya a Kano ko Katsina ko Sakkwato ko Zamfara, kuma kusan babu wanda zai iya faɗa maka nawa ƙaramar hukumarsu ta karɓa a watan jiya, alhali ana wallafa alƙaluman duk wata kuma da waya ake dubawa. Injiniya ya ɗauki nauyin ya riƙa ciro na jihohinmu yana turowa a zaurenmu na WhatsApp, Dakta kuma yace duk wanda zai je gida hutun sallah ya leƙa asibitin garinsu ya ga ko akwai ma'aikaci da magani, ya dawo ya faɗa mana.